Inda aka kwana a aikin ɗan littafin Italiyanci

12 ga Janairu 2025

Kashi na farko ya fita, wato haruffa 21 na Italiyanci da yadda ake karanta c da g da sc da gn da gl, na buga na raba wa 'yan ajin Lahadi. Ga wanda bai san zancen ba, ɗan littafi nake haɗawa da Hausa zalla tare da murya da ake ɗauka a waya, saboda 'yan uwa da ke nan yankin Brescia a arewacin Italiya masu shirin jarrabawar yare ta matakin A2 wadda ake nema kafin a ba mutum takardar zama ta dogon lokaci, da kuma masu harin B1, matakin da ke gaba da shi, tunda daga Disamba 2018 doka ta ce mai neman zama ɗan ƙasa sai ya kawo shaidar B1. Makarantun manya na gwamnati, CPIA, suna koyarwa kuma ina ce wa kowa ya je ya yi rajista, wannan nawa ƙari ne kawai.

Ajin haɗin gambiza ne, 'yan zangon Kumasi da Accra, mutanen Damagaram da Agadas, mu 'yan Najeriya ma mu ne marasa yawa. Shi ya sa na yanke ba Turanci a ciki ko kalma ɗaya, don wasu Faransanci suka yi, wasu kuma allo kaɗai suka riƙe, abinda ya haɗa mu duka Hausa ce da karatun allo. Kalmomin misali ina tsamo su ne daga jerin kalmomin yau da kullum da marigayi masanin harshe Tullio De Mauro ya tattara, kusan 7000 ne, amma guda 2000 na farko su ne ake juyawa a yawancin magana, daga nan nake ɗiba, sai in ƙara da na wurin aiki da na ofis.

Kashi na biyu gaɓa, na uku nauyi wato dannawar da ake yi wa gaɓa ɗaya a kalma, na huɗu ƙirar kalma. Haka tsarin yake a yanzu dai.

19 ga Janairu

Yau muka shiga gaɓa, sillaba a bakinsu. Bahaushe yana da sa'a a nan wallahi, don yawancin gaɓar Italiyanci baƙi ne da wasali kamar tamu, ca-sa, pa-ne, la-vo-ro, te-le-fo-no, ba wanda ya sha wuya. Idan l ko m ko n ko r ta zo kafin wani baƙi sai ta rufe gaɓar baya, al-to, cam-po, can-to, por-ta, wannan ma irin namu ne sak, kamar kan-ti ko sar-ki.

Inda na fi jin daɗi shi ne doppie, baƙi biyu iri ɗaya. Na ga littattafan koyon Italiyanci suna cika shafi suna fama da masu karatu akan wannan don Bature ɗan Ingila ko Faransa ba ya jin bambancin, mu kuwa kalma ɗaya na faɗa, shadda, shikenan aji ya gane. Wanda ya san baba daban babba daban, mana daban manna daban, kala daban kalla daban, me zai hana shi rabe nono da nonno? Nono na tara, nonno kaka namiji (an yi dariya akan nono ɗin, an wuce). Sete ƙishirwa, sette bakwai. Casa gida, cassa akwati ko wurin biyan kuɗi a kanti. Pena wahala ko hukunci, penna biro. Capello gashi, cappello hula. Sono da sonno, caro da carro, pala da palla. Akwai kuma anno, shekara, wanda in ka sake shaddarsa ka faɗi wani wuri a jiki da ba a faɗa a gaban surukai, kuma kullum ana tambayar mutum shekarunsa, toh a kiyaye.

A rubutu ana raba shaddar biyu, ɗaya ta rufe gaɓa ɗaya ta buɗe ta gaba: gat-to, set-te, mam-ma. Cq ma shadda ce a ɓoye, ac-qua. Su kuma gn, gl, sc, ch, gh harafi biyu ne sauti ɗaya ba a raba su, ba-gno, fi-glio, pe-sce. Abinda littafin makaranta ba ya faɗa shi ne gn da gl da sc da z in suna tsakanin wasula a daidaitaccen furuci da shadda ake faɗinsu ko ba a rubuta ba, stazione z ɗaya ce a takarda amma a baki ta cika.

2 ga Fabrairu

An ɗan yi muhawara da maestra. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, asalinta daga wajen Firenze, ita ke karanta min misalai ina ɗauka don kar mutane su kwaikwayi bakina. Zancen s ne wadda wani baƙi ke bi, suna ce mata esse impura. Dokar makaranta ta ce s ɗin tana tafiya gaba, pa-sta, que-sto, fi-ne-stra, ma-e-stro, kuma ta koyar da yara haka shekara da shekaru, da ta ga na rubuta pas-ta a allo sai da ta dafe kai.

Na ce mata maestra, dokarki gaskiya ce amma ta yanka kalma ce a ƙarshen layi, ta alƙalami ce. Ni baki nake gyarawa. Bahaushe ba ya fara gaɓa da baƙi biyu, in ya gamu da su sai ya cusa wasali a tsakani, haka muka samu burodi da direba da fursuna da sukudireba. In na koya masa pa-sta abinda zai fito pasita ne, in na ce pas-ta kuwa lafiya lau zai faɗa don daidai yake da kas-ko. Kuma kunne yana goyon bayana: a cikin casa ana jan a ɗin, a cikin pasta ba a ja, gajere ne kamar na gatto, alamar gaɓar a rufe take kenan. Masana sautin harshe da yawa a nan ma haka suke gani.

Daga nan dabarar da ta fi komai amfani a watan nan ta fito. Kalmomi irin strada, scuola, studente, spesa, stipendio, mutanenmu sitirada da sukola suke cewa. Toh amma ai ba a cika faɗin kalmar ita kaɗai ba, da la ko lo ko una take zuwa, sai na ce a jingina s ɗin a baya: las-tra-da, las-cuo-la, los-tu-den-te, los-ti-pen-dio. Nan take wasalin ƙarya ya ɓace. Kuma harshen da kansa abinda yake yi kenan, shi ya sa ba a cewa il studente sai lo studente, ana ba s ɗin wasalin da za ta jingina. Har yau a takardun ofis za ka ga per iscritto maimakon per scritto. 'Yan Nijar na tuna musu école da étudiant, Faransanci ma ya taɓa jin nauyin wannan s ɗin ya sa mata e a gaba, daga baya s ɗin ta faɗi.

Mun rabu akan zan sa duka biyun, na alƙalami da na baki, kowanne da sunansa. Tr da pr da gr na treno, prego, grazie kuwa ba dabara, sai maimaici, har yanzu tireno nake ji.

9 ga Fabrairu

Gajeren zama, sanyi ya hana mutane fitowa. Wasula biyu a jere muka duba. In i ko u marar nauyi ta haɗu da wani wasali gaɓa ɗaya ce, pie-de, uo-mo, fio-re, au-to, mai. In a, e, o ne suka haɗu da juna, ko kuma i da u ɗin su ke ɗauke da nauyi, sai a raba: pa-e-se, po-e-ta, vi-a, pa-u-ra. Au da ai muna da su a Hausa, ie da uo kuma na ce a ɗauke su ye da wo, pyede, bwono, ya wadatar. Sai i ɗin da ba a karantawa sam, wadda aikinta tausasa c ko g ko sc ne kawai, ciao, giorno, Brescia gaɓa biyu ce Bre-scia.

Ka ga matsalar, ba za ka iya raba via ko paura ba sai ka san inda nauyi yake. Kashi na biyu ya dogara da na uku kenan.

23 ga Fabrairu

Nauyi, accento. Nan ne aikin yake.

Hausa karin sauti gare ta, kowace gaɓa da nata hawa ko sauka, Italiyanci kuma gaɓa ɗaya ce a kalma ake dannawa sauran su bi ta. Da farko 'yan aji suna jin ta a matsayin hawan murya, kuma sau da yawa hakane, amma in ana tambaya muryar tana hawa a wani wuri daban sai lissafi ya rikice. Abinda ba ya canzawa shi ne tsawo. Gaɓar da ke da nauyi ta fi daɗewa a baki, in buɗaɗɗiya ce kuma ba a ƙarshen kalma ba sai wasalin ya samu madda: CAA-sa, a-MII-co, la-VOO-ro. In rufaffiya ce ba madda, FAT-to, POR-ta. Wannan doka tamu ce ma, gidaa da dogon wasali amma gidan ya gajarce, rigaa amma rigar, don Hausa ba ta yarda da dogon wasali a rufaffiyar gaɓa. Saboda haka fato da fatto a kunnen Bahaushe faato ne da fatto, madda ko shadda, ɗaya daga ciki. A littafin na rubuta shi da manyan haruffa.

Sunayen da ake koya wa yara a makaranta: piana in nauyi na gaɓa ta biyu daga ƙarshe, su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. Tronca in yana ƙarshe, città, caffè. Sdrucciola in yana ta uku daga ƙarshe, sunan daga santsi yake, wato ka danna sai sauran su zame, TA-vo-lo, ME-di-co, SA-ba-to. Akwai bisdrucciola ta huɗu daga ƙarshe, za mu zo kanta.

Abin haushin shi ne rubutu ba ya nuna maka sai in tronca ce. Sifaniyanci yana sa alama, Italiyanci ya bar ka da Allah. Ga sunayen garuruwa da nake ji ana karyawa kullum a tashar jirgi: PA-do-va, BER-ga-mo, MO-de-na, GE-no-va, NA-po-li, U-di-ne, TRA-pa-ni, BRIN-di-si, duk sdrucciole ne, amma Ve-RO-na, Mi-LA-no, To-RI-no, An-CO-na piane. Ba abinda ke jikin harafin da zai gaya maka.

Doka ɗaya na samu mai ɗan riƙo, gadon Latin ce: in gaɓa ta biyu daga ƙarshe rufaffiya ce, nauyi na kanta. Con-TRAT-to, per-MES-so, mo-MEN-to, Pa-LER-mo, A-gri-GEN-to. Masu karya ta kaɗan ne, TA-ran-to, O-tran-to, MAN-dor-la, sai PO-liz-za takardar inshora wadda duk mai mota zai faɗa. In buɗaɗɗiya ce kuma toh sai ƙamus. Na nuna musu ƙamusun Treccani a waya yana sa alama, akwai kuma ƙamusun furuci na gidan rediyo da talabijin RAI wanda ya fara fitowa 1969, ana ce masa DOP.

Kalmomin da nauyi kaɗai ya raba, maestra ta karanta su a hankali: an-CO-ra har yanzu, AN-co-ra ƙarfen tsayar da jirgin ruwa. SU-bi-to yanzu-yanzu, su-BI-to abinda aka sha na wuya. LEG-ge-re karantawa, leg-GE-re marasa nauyi. Ca-PI-to an gane, CA-pi-to na faɗo wuri, ca-pi-TÒ ya faru. Wani dattijo ɗan Agadas da muke ce wa Baba ya ce Malam ai wannan ba sabon abu bane, mu ma muna rubuta gari da fari da kai ba alama kuma ba mu ɓata. Gaskiyarsa, jimla ce ke warwarewa. Bambancin kawai namu mun sha a nono.

16 ga Maris

Azumi, an mayar da aji bayan la'asar kuma an rage shi, rubutu ma ya ja baya. Abu biyu kawai aka yi.

Na ɗaya aikatau na loro, wato su. Kowa par-LA-no yake cewa, la-vo-RA-no, don baki ya saba da piana. Daidai shi ne PAR-la-no, la-VO-ra-no, MAN-gia-no. Dokar mai sauƙi ce, inda nauyi yake a na shi ko ita nan yake zama, -no ɗin ƙari ne marar nauyi: PAR-la, PAR-la-no. In aikatau ɗin dama sdrucciola ne sai a samu ta huɗu daga ƙarshe, A-bi-ta A-bi-ta-no, te-LE-fo-na te-LE-fo-na-no, CA-ri-ca CA-ri-ca-no. Haka ƙananan wakilan suna da ake liƙawa a ƙeya, POR-ta, POR-ta-lo, POR-ta-me-lo, kamar a-kori-kura ce ko kaya nawa ka ɗora a baya injin na nan inda yake. Wannan ne ma ya sa PREN-der-lo da MET-ter-lo ba sa bin dokar rufaffiyar gaɓa ta watan jiya.

Na biyu masu ƙarewa da -ere, gida biyu ne da rubutu ya haɗe: PREN-de-re, SCRI-ve-re, MET-te-re, CHIE-de-re, VI-ve-re a gefe guda, ve-DE-re, a-VE-re, po-TE-re, vo-LE-re, do-VE-re, te-NE-re a ɗaya gefen. A Latin e ɗin wasu dogo ne na wasu gajere, tsawon ya ɓace nauyin ya zauna. Na biyun ba su da yawa, a haddace su, sauran a ɗauka sdrucciole ne.

6 ga Afrilu

Barkanmu da sallah. An dawo.

Alamar da ake rubutawa muka yi, don B1 akwai rubutu kuma ana dubawa. Duk kalma mai gaɓa fiye da ɗaya da nauyinta ke ƙarshe dole alama: città, però, così, lunedì har venerdì, Forlì, Cantù. Wasalin ƙarshen nan gajere ne a yanke shi, ba madda, mutanenmu suna son ja. Da yawansu guntattu ne shi ya sa ake ce musu tronche, città da can cittade ce, virtù virtude, ƙeyar ta faɗi nauyi ya tsaya inda yake. A aikatau kuwa alamar ita ce ke raba lokaci da mai aiki, la-VO-ro ina aiki, lavorò ya yi aiki, faro fitilar mota farò zan yi, meta inda aka nufa metà rabi.

Kan e alamar iri biyu ce, mai kwantawa hagu a è, caffè, cioè, tè, mai kwantawa dama a perché, né, sé, ventitré. Dalili shi ne e da o kowanne biyu ne a baki, buɗaɗɗe da matsattse, wasula 7 kenan a gaɓa mai nauyi, 5 a marar nauyi. Pèsca ɗan itace pésca kamun kifi, vènti iskoki vénti ashirin. Maestra tana ji da wannan sosai, ni kuma na sa shi a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, don 'yan Brescia da 'yan Napoli da 'yan Palermo kowa da yadda yake buɗe nasa kuma suna fahimtar juna, ba zan ɗora wa mai tashi aikin dare abinda 'yan ƙasa ma basu daidaita a kai ba.

Masu gaɓa ɗaya ana sa musu ne don rabewa: è da e, sì da si, dà da da, là da la, lì da li, né da ne. Qui da qua ba a sa musu, un po' kuma ba alamar nauyi bace, poco ne aka yanke.

Wani ɗan Kumasi da ya yi shekaru a Napoli kafin ya hauro ya tambaya me ya sa can akkasa suke cewa nan kuma a casa. Tambaya mai kyau. A Toscana da Roma da kudu, bayan tronca da wasu ƙananan kalmomi irin a, e, è, tre, baƙin da ke biye yana samun shadda, a casa ya zama akkasa, è vero ya zama evvero. Arewa ba sa yi, yarukansu na gargajiya ma ba su da shadda. Yawanci wani baƙin Latin ne da ya mutu ya bar gurbinsa, ad casam, d ɗin ta narke cikin c. Irin yadda Basakkwace zai ce rigas sarki, hulam Musa. Ba sai ka yi ba in kana arewa, amma sanin sa yana gyara rubutu, don shi ne ya daskare a davvero, soprattutto, siccome, nemmeno, chissà, dimmi, dammi, fammi.

25 ga Afrilu

Hutun ranar 'yanci, ba aiki, na zauna tun safe. Paparoma Francis ya rasu ranar Litinin 21 ga wata, ko'ina zancen kenan, kuma na ji ɗaya daga cikinmu yana gaya wa abokin aikinsa è morto il papà, mutumin ya fara masa ta'aziyyar mahaifi. PA-pa shi ne na Vatican, pa-PÀ baba. Ya shiga littafi.

Na sauya tsarin kashi na huɗu gaba ɗaya. Da niyyata in jera ɗafa-ƙeya da ma'anarsu, yanzu kowanne zai zo da abu uku: ma'ana, jinsi, da inda yake ajiye nauyi, saboda na lura rabin wahalar kashi na uku a nan maganinta yake. Kalmar da ƙamus kaɗai zai gaya maka nauyinta yawanci gajeruwa ce ta asali, dogayen kalmomin ofis masu ban tsoro kuwa ƙeyarsu ce ke faɗa maka komai.

-zione kullum mace, kullum piana, z ɗaya: prenotazione, dichiarazione, iscrizione, assunzione. -mento namiji piana: pagamento, appuntamento, licenziamento Allah ya tsare. -tà mace, tronca, jam'inta ba ya canzawa, la città le città, nazionalità, disponibilità. -abile da -ibile sdrucciole, pos-SI-bi-le, rin-no-VA-bi-le. -ico na sifa da sana'a sdrucciola, mec-CA-ni-co, PUB-bli-co, e-LET-tri-co, amma a-MI-co da an-TI-co ba ɗafi bane a jikinsu kar a haɗa. -issimo sdrucciola. -mente ana liƙa shi a sifar mace, lenta lentamente, don asalinsa kalmar Latin ce mace mai nufin hankali ko zuciya.

Na masu sana'a sun fi daɗin koyarwa don muna da ma- namu, manomi, maɗinki, makaranta, mabuɗi, su a ƙeya suke sa nasu. -tore da -trice: muratore, saldatore, lavoratore lavoratrice, sai lavatrice wadda injin wanki ce ba mace mai wanki ba. -aio: fornaio, macellaio, benzinaio. -iere: magazziniere, infermiere. -ista na mace da namiji: barista, autista, camionista. Giornalaio mai sayar da jarida, giornalista mai rubuta ta. Wanda aka fi so a aji shi ne mulo alfadari, muletto ɗan alfadari wato motar ɗaga kaya ta sito, mulettista mai tuƙa ta, mutum uku a ajin sana'arsu kenan. Wurin sana'a -eria da nauyi akan i: macelle-RI-a, lavande-RI-a, panette-RI-a.

Wannan -ia ɗin fa tarko ne. Farma-CI-a, poli-ZI-a, Lombar-DI-a, Alge-RI-a, Tuni-SI-a, amma i-TA-lia, LI-bia, Ger-MA-nia, Ni-GE-ria. Algeria da Nigeria harafi biyu ne ya raba su nauyi kuma daban. Tunda an zo nan, ɗan Najeriya nigeriano ne, ɗan Nijar nigerino, ɗan Ghana ghanese, duk wanda ake cike wa takarda ya duba da idonsa kafin ya sa hannu.

Sai abinda ya sa nake ganin kashi ukun nan abu ɗaya ne. Buono amma bontà. Nuovo amma novità. Scuola amma scolastico, piede amma pedone, ruota amma rotaia, dieci amma decina. Gajeren o da e na Latin in suka samu nauyi a buɗaɗɗiyar gaɓa sai su fashe su zama uo da ie, in ɗafi ya janye nauyin gaba sai su koma yadda suke. Yanzu a dubi venire da kowa ke haddacewa kamar hukunci: VEN-go gaɓa a rufe ba fashewa, VIE-ni da VIE-ne a buɗe da nauyi sun fashe, ve-NIA-mo da ve-NI-te nauyi ya tafi, VEN-go-no a rufe. Tenere haka, tengo tieni tiene teniamo. Volere, vuoi vuole amma volete. Morire, muore amma moriamo. Da na zana wannan a allo Baba ya ce toh ashe ba rashin tarbiyya bane irin na aikatau ɗin, da dalilinsa. Ba ko'ina dokar ke aiki ba yanzu, buonissimo da suonare da nuotare sun riƙe uo ɗinsu ko ba nauyi, amma inda take aiki ta rage hadda sosai.

4 ga Mayu

Ɗafa-goshi, da sauri don ba su taɓa nauyi. S- tana juya ma'ana, caricare scaricare, montare smontare, avvitare svitare, comodo scomodo, fortuna sfortuna, kuma ga s ɗin nan tamu ta Fabrairu ta dawo, devo scaricare a faɗe shi de-vos-ca-ri-ca-re. Ri- maimaici, rifare, rinnovo. In- na korewa yana narkewa cikin baƙin gaba ya haifi shadda, illegale, irregolare, immobile, ko ya zama m a impossibile. Na ba su indeterminato su fasa, kalmar da kowa ke mafarkin gani a kwantiraginsa: termine iyaka, determinato mai iyaka, indeterminato marar iyaka. Akwai masu ɗaukar goshi da ƙeya lokaci guda, barca jirgin ruwa, imbarcare sbarcare, terra atterrare, grande ingrandire.

Harɗaɗɗu kuwa kamar a gida, aikatau da suna: dafa-duka, fasa-ƙwauri, hana-salla, su kuma asciugamano, portafoglio, lavapiatti, apriscatole, aspirapolvere, passaporto. Nauyi babba yana kan kalma ta biyu. Jam'insu ne rikici, caporeparto capireparto, capoturno capiturno amma capoluogo capoluoghi, cassaforte casseforti. Na sa guda kaɗan na wurin aiki na bar sauran, B1 ba ta kai nan ba.

Ƙanƙantawa da girmamawa, inda mu muke sa ɗan ko 'yar ko ƙaton a gaba: fratellino, motorino, telefonino, furgoncino, un attimino da ake ce maka a layi ka san za ka daɗe. -one babba, kuma yakan mayar da mace namiji, la porta il portone, la scatola lo scatolone. -accio na muni, tempaccio, lavoraccio, parolaccia. Duka nauyi na kan ɗafin. Sai jerin na ƙarya da yaran firamare ke wasa da su: mattone bulo ne ba ƙaton mahaukaci ba, tacchino talotalo ba ɗan dunduniyar takalmi ba, burrone kwazazzabo ba ruwansa da burro man shanu, focaccia burodi ne ba muguwar foca dabbar teku ba. Casino kuma kar wanda ya ɗauka ɗan gida ne, hargitsi ake nufi, da can ma gidan karuwai ne, ɗan gida casetta.

18 ga Mayu

Kashi na biyu da na uku an gama an gyara, maestra ta bi su da jan biro. Na huɗu saura misalan -aggio da -ezza da -ata. Murya an ɗauka har ƙarshen -ere, ta kashi na huɗu ba a fara ba don maestra za ta je wajen jikokinta sai farkon Yuni.

Abinda gwajin yau ya nuna: shadda ba matsala a baki, amma a rubutu ana mantawa da ita musamman waɗanda suka koyi yaren a wurin aiki a nan arewa. S ta gyaru. Loro har yanzu yana zamewa in ana sauri. Sai p da f da v da b da ban sa a tsari ba tun farko kuma dole su samu shafinsu, don patto da fatto, pila da fila, vasta da basta duk abu ɗaya suke fitowa a bakin yawancinmu. Zan rubuta shi wannan makon in sa shi tsakanin kashi na ɗaya da na biyu. Matan da ba sa samun zuwa Lahadi sun nemi a turo musu muryar guntu-guntu ba dogo ba, za a yanka kowanne kar ya wuce minti biyu. Mutum huɗu sun yi rajistar jarrabawa, da su za mu fara maimaici daga gaɓa ranar Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu.